Keken da Ba Zare

Ku yi mini haƙuri tun daga farko. Ni karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta wani abu ba in ba aikin makaranta ba, kuma shafin nan sau uku ina yaga shi kafin ya tsaya haka. In kun zo wurin da ya karkace, don Allah ku kawar da kai ku wuce. Labarin wata yarinya ne.

Tabarau ake ce mata. Babanta ne ya laƙaba mata sunan tun ranar da aka yanka mata gilashi tana aji uku, sunan ya bi ta har makaranta, har wasu ba su san tana da wani ba. Shekararta goma sha biyar. Suna zaune a saman bene a wani gidan haya, ɗaki biyu da ɗan kicin, ita da Umma da ƙanwarta Auta mai shekara shida.

Baba ya rasu a shekarar annoba, wata biyu da kulle gari. Da safe motar asibiti ta zo ta ɗauke shi yana tari, yana ce wa Umma ta rufe masa shayinsa kada ƙuda ya faɗa. Ba a bar kowa ya bi shi ba, ba kuma wanda ya sake ganinsa.

Umma tela ce. Lokacin annobar takunkumi take ɗinkawa, kuma ko da aka yi rasuwar ba ta tsaya ba, sai ma abin da ya ƙaru. Mutane suna ta yaba mata, wai mace mai ƙarfin zuciya. Aka buɗe gari, aka koma makaranta, kowa ya yar da takunkuminsa, ita tana nan tana ɗinki, har buhu uku suka taru a bayan ƙofa ba mai nema. Wata ranar Laraba tana tsakiyar ɗinka ɗaya, roba ɗaya ta shiga ɗaya ba ta shiga ba, sai ta ɗauke ƙafa daga kan keke ta ce, "Bari in ɗan kishingiɗa." Wata huɗu ke nan.

Ba zazzaɓi, ba tari, ba inda za ta nuna ta ce nan ke ciwo. Takan tashi ta shiga banɗaki, ta dawo ta juya wa duniya baya. In an kai mata abinci ta ci cokali uku. In Auta ta hau gadon tana ba ta labarin makaranta, sai ta ɗora mata hannu a ka, hannun ya zauna nan kamar an manta da shi.

A ƙasansu daidai ɗakin Gwaggo yake, yayar Baba. Shekara ashirin da biyu ta yi a kamfanin ɗinka kaya kafin gwiwoyinta su ce sun gaji. Matakalar benen goma sha tara ce, rabonta da hawa tun rasuwar. Amma kujerarta kullum tana bakin ƙofa, ba mai hawa ba mai sauka sai ya bi ta gabanta.

Sati biyu da kwanciyar Umma, ta tare Tabarau.

"Ke, zo nan. Keken uwarki lalacewa ya yi?"

"A'a. E. Bel ne ya tsinke, Gwaggo."

"Bel? Sati biyu? Daga wata duniya ake kawo shi?" Ta dube ta sama da ƙasa. "Kuma cire min tsumman nan a baki in kina min magana. Kowa ya cire nasa, ke kaɗai annoba ta ce za ta dawo wa?"

Tabarau ta ɗan ja takunkumin ƙasa, iya hanci.

"Ki ji ni da kyau. In an yi hutun ƙarshen shekara zan koma wurin ɗana, ya ishe ni da waya. Kin san nisan, yini guda a mota. In uwarku na tsaye da ƙafafunta, to, madalla. In kuwa ta kasa, da Auta zan tafi. Ke kin girma, ita ce abin ji. Ba zan zuba ido 'yar ƙanena ta tashi ba mai kula ba."

Ta faɗi maganar ne kamar mai cewa yau za a yi ruwa. Tabarau ta ce to, ta fara hawa. A matakala ta goma sha ɗaya dole ta zauna, don iska ta ƙi shiga.

Washegari da ta dawo daga makaranta, ta kwance allurar keken, ta zare zaren sama da na ƙasa, ta zauna a kujerar Umma ta fara takawa. Ƙarar ta cika ɗakin, ta bi ta ƙafafun keken ta ratsa siminti, ta sauka kan Gwaggo.

Haka abin ya zama kullum. Ƙarfe biyu take shigowa. Ba ta cire takalmi sai ta tsaya a ƙofar ɗakin Umma ta ga bargo ya ɗaga ya sauka sau uku. In ta ƙirga biyu wani abu ya ɗauke mata hankali, sai ta sake daga farko. Sannan ta ɗora tukunya, ta hau keke har ƙarfe huɗu, lokacin ɗauko Auta. Da farko bango take kallo. Daga baya ta lura wurin da ake shimfiɗa yadi ya ishi buɗaɗɗen littafi, sai ta riƙa aje wanda ta aro daga laburaren makaranta, ƙafa na aikinta, ido na nasa. Wannan ɗan lokacin kaɗai ƙirjinta yake sakinta a yini.

Sauran lokacin ba ya sakinta. A aji takan ji kamar an zagaye mata haƙarƙari da igiya ana ja a hankali. Malami na bayani, ita tana ganin Umma ta zame a banɗaki, ko tana ganin Gwaggo a tsakiyar ɗakinsu da jakar Auta a hannu. In aka kira ta gaban allo, alli ya jiƙe a hannunta ya ƙi rubutu. Sau biyu ana fita hutun tara ta bi ta ƙaramar ƙofa ta ruga gida, ta ƙirga ukunta, ta rugo ta dawo.

"Likita!" in ji 'yan ajinsu in ta shigo. "Yau mutum nawa suka kamu?"

Sai ta wuce kujerarta ta zauna. Ba tsoron cuta ba ne ya hana ta cire takunkumin. A bayansa ba mai ganin leɓenta na rawa.

Da Gwaggo ta tambayi dalilin da ya sa da safe shiru take ji, amsar tana nan a shirye.

"Da safe yanka take yi, Gwaggo. Almakashi ba ya ƙara."

"Haka ne," in ji Gwaggo. "Ba ya ƙara."

Auta ce babban haɗari, don bakinta ba ya rufuwa. Kullum a hanyar dawowa sai an yi bita.

"In Gwaggo ta ce ina Umma?"

"Tana aiki."

"In ta ce me ya sa ba ta saukowa?"

"Aiki ya yi mata yawa." Auta ta miƙo hannu. "Alawa biyu, Yaya."

"Jiya ɗaya na ba ki."

"Jiya tambaya ɗaya kika yi."

Saura sati uku a yi hutu, ranar wata Litinin, Tabarau ta tarar da Gwaggo da leda a cinya.

"Ungo. Yadi huɗu ne. Ki ce wa uwarki riga nake so, doguwa, mai dogon hannu, wadda zan shiga mota da ita. Ga tsohuwar rigata nan a ciki ta ɗauki awo. Alhamis nake so."

"Gwaggo, aiki ya yi mata..."

"Na sani, ai ina ji. Kullum kamar jirgi a kaina. Mai wannan aikin riga ɗaya ba za ta gagare ta ba."

Yadin shuɗi ne mai ƙananan fararen ganyaye, sai santsi. Tabarau ta shiga da shi ɗakin Umma. Labule a sake, ɗakin yana warin wurin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta zauna a gefen gado.

"Umma. Gwaggo ta ba da ɗinki."

Ta ɗan taɓa mata kafaɗa.

"Riga ɗaya ce kawai. Ni zan taka miki, ke ki riƙe yadin."

Umma ta juyo. Ta sa yatsu biyu ta murza yadin kamar yadda take yi a da in an kawo mata aiki.

"Wannan yana zamewa," in ji Umma, muryarta a dushe. "Sai an bi shi a hankali." Ta janye hannun. "Ajiye. Gobe."

Goben ta zo, amsar ba ta sake ba. Tabarau ta ɗauki ledar ta rungume a ƙirji, ta jira Gwaggo ta shiga ciki, ta sauka ta nufi shagon telan da ke kwanar layinsu. Shagon ƙarami ne, ga fanka, ga rediyo, ga mata biyu a kan benci suna jiran kayansu. Tana tsayawa a ƙofa telan ya ɗago.

"A'a! 'Yar gidan abokiyar sana'a! Ina Umman taki ta shige? Ko ta yi arziki ne ta daina gaisawa da mu? Me ke cikin ledar?"

Matan biyu suka juyo. A nan ta gane abin da ya kamata ta gane tun a gida: 'yar tela ta kawo ɗinki shagon wani, kafin la'asar duk layin ya ji, kafin magariba ya iso kujerar Gwaggo. Kunnenta ya fara ƙara. Ta ga shagon yana matsewa, fankar tana nisa.

"Zare," ta ce. "Farin zare."

"Don zare kika tsaya kamar an aiko ki da saƙon mutuwa? Ɗauki. Ki ce ina gaishe ta."

A bayan shagon ta tsuguna kusa da kwata, ta riƙe gwiwoyinta, har sai da ƙasa ta daina juyawa.

Ranar Laraba ba ta je makaranta ba. Ta kai Auta, ta dawo ta wuce Gwaggo da cewa ta manta littafi, ba ta sake sauka ba. Ta share tsakar ɗaki, ta shimfiɗa yadin, ta ɗora tsohuwar rigar a kai, ta bi gefenta da alli. Sau dubu ta ga Umma na yin haka. Akwai ma wani littafin koyon ɗinki da ta taɓa karantawa har sau biyu, amma a cikin littafin yadi ba ya gudu. Wannan kuwa ta danne nan ya zame can. Ta yanka daidai kan layin allin, ba ta bar ko yatsa ɗaya na ɗinki ba. Sai da ta gama yanka hannuwa ta jera su ta ga duk biyun gefe ɗaya suke kallo. Ta duba abin da ya rage na yadin, bai kai hannu ba.

Ta ce ba komai, ba komai, za a iya juya ɗaya. Ta mayar da allura, ta sa zare. Keken da ya yi wata uku yana mata biyayya ya zama wani abu daban. Ya ja yadin ya tattare, zare ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, ta warware, ta sake, ya sake dunƙulewa. Allura ta karye. Ta sa wata, ita ma ta karye, tsinin ya yi tsalle ya bugi gilashinta. Wajen ƙarfe uku ta ɗaga abin da ta ɗinka ta duba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ko kanta ba zai shiga ba. Ba ta yi kuka ba. Haƙoranta ne kawai suka riƙa haɗuwa kamar mai jin sanyi. Ta cusa rigar a cikin buhun takunkumi ta ɗaure bakin.

Ranar Alhamis ta je makaranta, amma da za a tsare ta da bulala ba za ta iya faɗin abin da aka koyar ba. Duk hanya tana haɗa magana: saura maɓalli, saura guga, Umma ta ce Asabar. Da ta shigo gidan sai ta ga kujerar Gwaggo ba kowa, ƙofa a rufe. Ta sauke ajiyar zuciya. Ta fara hawa, tana shan kwanar benen ta yi turus.

Gwaggo ce zaune a matakala ta goma sha biyar, sanda a gefe, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Ɗaga ni," ta ce. "Tun kafin ƙarfe ɗaya nake hanya."

"Gwaggo, rigar saura maɓalli, in kin koma ƙasa ni zan..."

"Ɗaga ni na ce."

Huɗun da suka rage sun ci kusan minti goma. Gwaggo ta dafa kafaɗarta, nauyinta duk a kanta, kowace matakala sai ta ce wash. Tabarau tana jin bugun zuciyarta har a cikin haƙora. Yau ko bargon ba ta samu ta duba ba.

Gwaggo ba ta nemi tabarma ba, kujerar keke ta nufa ta zauna. Ta dubi buhunan bayan ƙofa, ta dubi ƙofar ɗakin Umma da ke sakaye, ta dubi littafin da ke kife a wurin yadi. Ta zame murfin ƙasan allura, ta sa farce ta zaro dunƙulen zare ta ɗaga shi sama.

"Kawo rigar."

Tabarau ta kwance buhun. Gwaggo ta riƙe rigar ta kafaɗu ta miƙa hannu tana kallo, ta daɗe.

"Wuyan nan ko kyanwa sai ta yi azama. Wannan kuma fa? Hagu biyu. Tun da kike kin taɓa ganina da hagu biyu?"

"Umma ce ba ta jin daɗi jiya, shi ne na ce bari in taya..."

"Ke, rufe min baki." Ba da tsawa ta faɗa ba. Ta ninke rigar ta ɗora a cinya. "Shekara ashirin da biyu ina zaune a tsakiyar keke ɗari. Ido a rufe zan nuna miki wanda allurarsa ta dakushe. Keken da ke cin yadi kukansa daban, wanda ke gudu a banza kukansa daban. Kuma wane irin ɗinki ne ba kwana, ba tsayawa a yanke zare? Minti arba'in a kan layi ɗaya! Na ce ko titi ake wa kalmasa. Can kuma sai in ji gudu ya ƙaru kamar an biyo mutum." Ta ɗaga littafin da yatsa biyu. "Ashe a nan ne ake bin wani."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar farko."

Gwaggo ta ajiye littafin.

"Kullum ina cewa gobe zan ji ƙafar uwarki, don na san takunta. Na ba da yadin nan ne ko zai tashe ta. Jiya da na ji ana karya allura a kaina tun safe, ranar makaranta, na ce to, tsohuwa, ke ma kina da naki laifin." Ta kawar da kai wajen ƙofar waje, inda takalmin Baba yake ajiye har yanzu, baƙi, an goge shi. Ta yi saurin ɗauke ido. "Ba gwiwa kaɗai ta hana ni hawowa ba."

Tabarau ta durƙusa. Maganar ta ɓalle mata gaba ɗaya, wata na hawa kan wata.

"Don Allah Gwaggo kada ki tafi da ita. Ni zan iya. Ina dafa abinci, ina wanki, ina mata wanka, ba ta taɓa makara ba, ki tambayi malamarsu, aikin gidanta ma ni nake dubawa, yadin kuma zan... Gwaggo, Auta ba ta iya barci sai ta riƙe min kunne, can wa zai... don Allah..."

Iskar ta yanke. Ta buɗe baki tana ja, takunkumin yana mannewa a leɓenta, ba abin da ke shiga. Ta ga fuskar Gwaggo ta yi nisa kamar ta cikin rijiya. Ta ji an fizge takunkumin, an dafa mata ƙeya da tafin hannu mai kaushi.

"Sunkuya. Fitar da ita tukuna, fitar. Yawwa. A hankali, ba kora ake ba."

"Ki tafi da su, Yaya."

Su duka suka ɗago. Umma ce a ƙofar ɗaki, ta riƙe katakon da hannu biyu. Zaninta ya yi mata yawa. Rabon Tabarau da ta gan ta tsaye a cikin haske har ta manta, sai yanzu ta ga furfura a gaban kanta.

"Su duka biyun," in ji Umma. "Ki tafi da su. Ba abin da nake tsinana musu."

Wata huɗu Tabarau tana tsare ƙofa kada a shigo daga waje a raba su. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kawowa daga ciki maganar za ta fito ba.

"Umma..."

"Kullum biyu da rabi nake jin keken nan," in ji Umma, Gwaggo take kallo. "Na san abin da take ce min. Tashi, tashi, tashi, tashi. Sai in danne kunne da filo. Ina so in tashi, Yaya, wallahi ina so. Sai in ji kamar an zuba min siminti a jiki ya bushe."

"Ba haka nake cewa ba!" Muryar Tabarau ta fito a tsage. "Umma, ba da ke nake ba! Da Gwaggo nake!"

"Da ni," in ji Gwaggo. "To madalla. Ni ake wa kiɗan, wata ke kuka."

"Dube ta, Yaya. Dubi wuyan hannunta. Ta zuba min abinci, ita ba ta ci. Ta tsaya min a ƙofa da takalmi tana ƙirga numfashina, tana zaton barci nake. Ni kuma in ja da ƙarfi don ta gani ta samu ta zauna. Iyakar abin da nake iya yi mata ke nan a duniya. Wannan uwa ce?"

A kicin famfo yana ɗiga cikin kwano. Gwaggo ta sa gefen rigar da aka ɓata ta share fuska, ta jawo numfashi.

"Kin gama? To ba inda zan kai kowa."

Tabarau ta ɗago kai.

"Na zaci lalaci ne, ko baƙin cikin da kowa ke yi ya wuce. Na yi kuskure. Wannan ciwo ne. A layinmu a kamfani an yi wata, hannunta ya fi na kowa sauri, rana ɗaya ta zauna ta kasa ɗaga almakashi. Muka yi ta zaginta. Ashe akwai likitan da aikinsa ke nan, ciwon damuwa. Ta sha magani, ta yi ta zuwa ana zama da ita ana magana. An daɗe, ban ce miki sati ɗaya ba. Amma ta dawo." Ta nuna Umma da sanda, ta nuna Tabarau. "Litinin za mu asibiti. Ku biyu."

"Ni lafiyata ƙalau, Gwaggo."

"E, na ga alama."

"Ba zan iya sauka benen nan ba," in ji Umma.

"Ni na hau shi, da waɗannan gwiwoyin. In yini za ki yi kina sauka, muna nan, ba inda za mu."

"Tafiyarki fa?"

"Ɗana ya jira. Zai yi fushi, ya saba. Auta kuma tana nan a gidan ubanta, kusa da uwarta. Abinci daga yau a ƙasa za a dafa, wannan ta riƙa hawo da shi, ita ma ta ci a gabana ina kallo. Ke kuma," ta juyo kan Tabarau, "in na sake jin keken nan a kaina ba zare, sai na hau na karya miki ƙafa, ko zai ɗauke ni kwana biyu."

Umma ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta saki katakon ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Gwaggo ta dafa keke ta miƙe da ƙyar, ta ja ƙafa ta isa wurinta, ta zube kusa da ita da wani dogon wash. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Can Gwaggo ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, Tabarau ta ji sunan Baba a ciki, sunansa na gaskiya, wanda ba a sake faɗa a ɗakin nan ba tun ranar da motar ta tafi. Umma ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suka fara rawa.

Tabarau tana durƙushe a inda take, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Auta tana nan, ba za a tafi da ita ba. Ta maimaita a zuci, ta sake maimaitawa, tana jiran igiyar ƙirjinta ta kwance. Ta ɗan sassauta, ba ta kwance ba. Litinin saura kwana huɗu. In Umma ta ce gobe fa? In likitan ya tambaye ta abin da ke damunta, me za ta ce, daga ina za ta fara? In 'yan ajinsu suka ji?

Lokacin tashin su Auta bai yi ba tukuna. Duk da haka Tabarau ta miƙe a hankali don ta je ɗauko ta. Gwaggo tana magana, Umma tana gyaɗa kai cikin tafin hannu, kuma maganar ba tata ba ce. Ta bi gefen bango, ta murɗa hannun ƙofa yadda ba zai yi ƙara ba, ta fita ta jawo ta. Ba wadda ta waiwayo.